WA KE KORAR ƊIYANMU DAGA MAKARANTUN LIKITA?

Zuwa ga sassanmu na Maradi, Tasawa, Damagaram, Magarya, Tawa, Konni, Madawa, Dogon Dutsi da Yamai. A karanta wannan takarda a taron sashe, a ɗaga murya saboda waɗanda ba su yi lakwal ba.



Akwai wata magana da ta yawaita a bakin manya, a ofis, a wurin suna, har a zaman makoki. Wai yaran yanzu ba su da haƙuri. Wai an sa su karatun likita da na jinya da na ungozoma, sun ga jini sun razana, sun ji aikin dare sun ce ba za su iya ba. Mai faɗin haka yana faɗa yana girgiza kai, kamar wanda abin ya dama, sa'an nan ya hau motarsa ya tafi. Nasa ɗan yana Maroko ko Tunisiya ko Faransa yana karatu.

Mu mun ce wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai amfani ga masu yin ta. Yarinyar da ta tashi a ƙauye ta ga haihuwa a ɗakin uwarta tun ba ta kai shekara goma ba. Yaron da ya yi kiwo ya fede rago, ya ɗaure ƙafar akuya da ta karye. Waɗannan ne jini zai kora? Wanda ya yi noman gero a rana, ya yi tafiyar ƙasa zuwa lakwal shekara da shekaru da ɗumame a ciki, shi ne za a ce ba ya son wahala? Ruwa ba ya tsami banza. In ɗan talaka ya fara tunanin ajiye farar riga, a tambayi wa ya tura shi.

TUN DAGA DAKAR

Bari mu soma daga tushe. A 1918 Nasara ya buɗe makarantar likita a Dakar saboda ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsa. Ba don ya fitar da likitoci daidai da nasa ya buɗe ta ba. Mataimaka yake so, masu yi wa ma'aikata da sojoji allura, masu zagaya ƙauyuka da lamba, kullum a ƙarƙashin likitan soja farar fata. Takardar da ake ba su ba ta kai ta Faransa ba, albashinsu ma haka. Felix Houphouet-Boigny, wanda ya zama shugaban Kwaddibuwa, da irin wannan takarda ya fito a 1925. Mu nan Nijar, da muka karɓi 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, ba mu da makarantar likita ko ɗaya. Jami'ar Yamai sai a farkon shekarun 1970 aka kafa ta, sashen likita ya biyo baya.

Ba mu ce ba a yi komai ba tun daga nan. Akwai makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa a Yamai, mai sunan Damure Zika, malamin jinyar nan da ya fito a siliman Jean Rouch ya rasu a 2009. Akwai takwararta a Damagaram. Jami'o'in Maradi da Damagaram su ma sun buɗe sashen likita, ɗan Gobir da ɗan Kance ba sai ya je bakin Kwara ba. Mun gode wa Allah. Amma gini daban, riƙon yaro har ya gama daban. Nasara da launin fata ya tace mu. Yau da kuɗi ake tacewa, kuma rariyar ta yau ta fi wuyar ganewa, don ba a rubuta dokarta a ko'ina ba.

KUƊIN DA BA YA ZUWA

Ɗan talaka da ya ci jarrabawa da kyau, gwamnati ta kan yi masa alkawarin kuɗin tallafin karatu, wanda ake biya wata uku-uku. A takarda ke nan. Kowa ya san yadda abin ya kasance shekara da shekaru, a ƙarƙashin farar hula da masu kaki duka: wata uku ya wuce, wasu uku su bi, ana cewa takardu suna Baitulmali. Mai gidan haya ba ya jiran Baitulmali. Mai tuwo ba ta jira. Ɗan kabu-kabun da zai kai ka asibiti da asuba ba ya karɓar alkawari.

Ɗan attajiri ko a jikinsa. In kuɗin sun zo ya sayi salula, in ba su zo ba uba ya aiko. Ɗan manomi kuwa da wannan kuɗi yake ci, da shi yake biyan ɗaki, da shi yake buga takardun darasi, wani har yana tsakurar wani abu ya aika wa tsohuwa a gida lokacin bazara, in rumbu ya yi ƙasa. To ku gaya mana, wane ne a cikin su biyun zai fara lissafin komawa gida?

Maganar nan ta ci rayuka. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 'yan makaranta suka fito a Yamai suna ƙin matakan tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka ɗora wa ƙasa. Aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka faɗi. Ranar 10 ga Afrilu 2017 aka sake fitowa a kan kuɗin tallafi da halin zaman jami'a, wani ɗalibi ya rasa ransa. Shekara 27 tsakanin ranakun biyu, kukan bai sake ba.

Kuma duk sa'ad da aka ƙi biya, sai yajin karatu. In ɗalibai sun koma, malamai su tafi nasu, don su ma ana riƙe musu haƙƙi. Shekarar karatu ta zarce wata goma sha biyu, ta hau kan ta gaba. Karatun likita dama dogo ne, shekara bakwai zuwa takwas in komai ya tafi daidai. Sai ka ga yaro ya shiga da ƙuruciya, ƙannensa sun yi aure sun haifu, abokinsa da ya tsaya a kasuwa ya gina gida ya je Makka, shi yana nan yana roƙon kuɗin sabulu. Ya je gida hutu, a ce masa: har yanzu ba ka gama ba? Wannan tambaya ta fi yunwa cin rai.

AIKIN KYAUTA

Ga abin da masu zagin yara ba sa faɗi. Ɗalibin lafiya ba a aji kaɗai yake karatu ba. Rabin karatunsa a gidan likita ne, a gefen gadon marar lafiya. Shi zai sayi farar rigarsa, da ma'aunin zafin jiki, da abin sauraren ƙirji. Sau da yawa har safar hannu. Shi zai kwana gadi. Ku shiga babban asibiti da ƙarfe biyu na dare a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje da yara biyu-biyu uku-uku, ku dubi wa ke neman jijiya a hannun jariri da hasken salula. Mafi yawa ɗalibai ne. Da za su tashi rana ɗaya su tafi duka, da an ga abin da ake ɓoyewa: ƙasa ta jingina asibitocinta a kan aikin yaran da ba ta biya.

A 2015, da sanƙarau ya faɗa wa ƙasa, musamman Yamai, fiye da mutum 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka mutu. A irin wannan rana ba wanda ke cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Ana neman hannu, kowane hannu.

Ba aikin ke karya zuciya ba. Abin da ke karya ta shi ne a koya maka da safe, da Faransanci mai kyau, yadda ake tsai da jinin mace bayan haihuwa, da dare ka tsaya a kanta ba maganin, ba jini a ajiye, wuta ta ɗauke. Ka rubuta wa mijin takardar sayen magani, ya fita neman rance, kafin ya dawo ta cika. Kai ne za ka fito ka gaya wa uwarta. Yarinya 'yar shekara ashirin ta ga wannan sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, ta koma ɗakin haya ba wanda zai tambaye ta yaya zuciyarki. Washegari akwai jarrabawa.

Kada a ce ba a san inda rashin ya fito ba. Tun daga shirin Bamako na 1987 aka ɗora wa marar lafiya biyan kuɗin magani. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. A 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar za a duba su kyauta, muka yi murna, kuma shawara ce mai kyau. Amma gidan likita ya ba da magani kyauta, ya aika takardar neman a mayar masa, gwamnati ta yi wata da watanni, wani lokaci shekaru, ba ta biya ba. Kantar magani ta bushe. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2001 sun ce za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. A mafi yawan shekarun da suka biyo baya namu bai kusanci haka ba. Ƙasar da ake haƙar yuraniyom ɗinta a Arlit tun 1971, wadda ta fara tace man fetur ɗinta a kusa da Damagaram a 2011, a ce ɗalibinta ke sayen safar hannu da kuɗin abincinsa!

ƘARSHEN HANYA

Duk wannan, ɗan talaka zai iya daurewa in ya san akwai aiki a gaba. Mun saba da daurewa. Iyayenmu na zamanin Diori da Kunce, in mutum ya fito daga makarantar jinya, takardar aiki na jiran sa, a tura shi Tanut ko Filinge ko Bilma, wata ya ƙare ya ɗauki albashi. Tun da masu ba da bashi suka hana gwamnati ɗaukar ma'aikata yadda take so, wannan ƙofa ta ƙuntata. Sai bautar ƙasa ta shekara biyu. Bayan ta sai kwantaragi, in ka yi sa'a, da ɗan abin da bai kai albashi ba, shi ma yana makara. In ba ka yi sa'a ba sai aikin sa kai: ka zo da safe, ka yi aiki kamar kowa, ka koma gida hannu wofi, kana fatan wata rana manjo ya tuna da kai in an buɗe ɗauka.

Ɗalibin aji biyu yana ganin wannan da idonsa. Wanda ke nuna masa yadda ake sa ƙarin ruwa ya gama shekara biyar da ta wuce, har yau ba shi da lambar aiki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yaro ya yi lissafi, kuma lissafinsa daidai ne. Wannan ba lalaci ba ne, hankali ne.

Abin mamaki, ƙasar tana kukan rashin ma'aikata. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙarancin abin da ƙasa ke bukata shi ne likita da malamin jinya da ungozoma 23 ga kowane mutum 10,000. Mu ko likita ɗaya ga mutum 10,000 ba mu kai ba, waɗanda ke akwai kuma da yawansu a Yamai suke. Ƙidayar 2012 ta same mu fiye da miliyan 17, yau mun wuce miliyan 25. Ɗakunan shan magani da aka gina a ƙauyuka zamanin Tandja, da yawa mutum ɗaya ke riƙe da su, in ya tafi gari karɓar kuɗi sai a sa kwaɗo. Ga masu takarda suna zaune, ga marasa lafiya suna kwance, an rasa mai haɗa su. Wanda ya fi ƙoƙari kuwa, ƙungiyoyin agaji na waje su ɗauke shi, ko ya haye Faransa, inda asibitocin lardi suka daɗe suna dogara da likitocin Afirka a kan albashin da bai kai na ɗan ƙasa ba. Mu mu yi reno, wani ya sha nono. Zamanin Dakar ya dawo ta ƙofar baya.

Sai kuma 'yan kasuwa suka shigo. Makarantun lafiya masu zaman kansu sun tsiro a Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa kamar ciyawar damina. A cikinsu akwai na kirki, ba mu yi musu kuɗin goro ba. Amma akwai waɗanda gidan haya ne da allo da sanarwa a rediyo. Uba ya sayar da sa, ya jinginar da gona, ya biya shekarar farko. Shekara ta biyu damina ta ƙi, ba kuɗi, a tsai da yarinya a bakin ƙofa ranar jarrabawa. San ya tafi, takarda ba ta samu ba.

NAMU LAIFIN

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jam'iyyar da ba ta iya faɗa wa kanta gaskiya ba ta da bakin faɗa wa gwamnati.

Mu ne muke ƙin namiji ya karɓi haihuwar matanmu. To madalla. Mu ne kuma muke cire 'ya'yanmu mata daga makarantar ungozoma in mai kuɗi ya kawo goro. Mu ne muke cewa wadda ke kwana asibiti ba ta da kamun kai. Mijin da ya yi alkawari gaban waliyyi zai bar ta ta ƙarasa, wata uku bayan biki ya ce kwanan gadi ya ishe shi. To wa zai karɓi haihuwar? Aljana? Mace ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye, a ɗauko ta a amalanke, ɗan ya mutu, ita ta tashi da yoyon fitsari, mijin ya sake ta. Sa'an nan mu ce ƙaddara. Yarinyar da za ta gane matsalar tun da wuri ta tura ta asibiti, mu muka zaunar da ita a ɗaki.

Mu ne kuma, in marar lafiyarmu ya rasu, muke kama wuyan rigar ɗalibin da muka tarar, don shi ne ƙarami, shi ne ba shi da mai tsaya masa. Ba mu taɓa kama rigar wanda ya hana kuɗin magani ba.

Ga manyan asibiti kuma muna da magana. A cikinku akwai iyayen kirki, masu raba abincinsu da ɗalibai, Allah ya saka. Akwai kuma masu tsawa, masu kunyata yaro gaban marar lafiya, masu aiken ɗaliba sayen abinci maimakon koya mata aiki, da waɗanda ke neman abin da bai kamata ba kafin su sa hannu a takardarta. Hujjarsu wai haka aka yi musu. Haka kumandan ya yi wa kakanninmu da bulala, ba mu ce a ci gaba ba. Yaron da aka koya wa wulakanci, in ya daure ya gama, a kan talaka zai huce. Duk wanda ungozoma ta taɓa zagin matarsa a ɗakin haihuwa, ya tambayi yadda aka yi wa ungozomar tana ɗaliba.

INA SUKE ZUWA?

Wasu kabu-kabu. Wasu haƙar zinariya a Jado, tun da aka gano ta a 2014. Wasu Libiya da Aljeriya. Waɗannan asarar kansu da ta iyayensu. Amma akwai kashin da ya kamata ya hana mu barci. Yaron da ya yi shekara ɗaya da rabi ya bari, ya ajiye littafi, bai ajiye sirinji ba. Ya koma ƙauye, mutane na kiran sa likita, ga yunwa. Sai ya sayo magani a kasuwa, irin wanda ake tallarsa a faranti cikin rana, ya buɗe ɗaki. Ya iya soka allura, bai kai ga darasin awon magani ga jariri ba. Ya san sunan maganin, bai san wanda ba a ba mai ciki ba. Duk kasuwar ƙauye da kuka sani akwai irinsa. Gwamnatin da ta yi tsimin kuɗin tallafinsa na wata shida, ga abin da ta saya wa talakawa.

ABIN DA MUKE NEMA

A biya kuɗin tallafin ɗalibai a ranarsa, kamar yadda ba a taɓa mantawa da na ministoci ba. Ɗalibin da ke kwana gadi a ba shi abinci da kuɗin mota da safar hannu daga asibitin da yake yi wa aiki. A hana korar ɗalibi ranar jarrabawa saboda bashi, a rufe makarantar da ba ta da wurin koyon aiki. Kowace shekara gwamnati ta faɗi a fili mutum nawa za ta ɗauka, a wace jiha, don yaro ya san abin da ke gabansa. Wanda ya yarda ya zauna ƙauye shekara uku a ba shi lambar aiki, ba sai yana da kawu a Yamai ba. Ɗalibar da ta haihu a ajiye mata gurbinta.

Ba za mu zauna jiran Yamai kaɗai ba. Kowane sashe, kafin kasuwa biyu masu zuwa, ya rubuta 'yan garinsa da ke karatun lafiya, maza da mata, da ajin da kowa yake, da wanda ya bari da dalilinsa. A aika wa sakataren jiha. Inda aka ji uba na shirin cire 'yarsa, dattawa biyu da shugabar mata su je su same shi a zaure, da ladabi, ba da hayaniya ba. Inda kuɗin makaranta ne ya tsaya, a yi karo-karo ranar kasuwa, mai tiya ya ba da tiya, mai dala ya ba da dala, ma'aji ya rubuta, a karanta lissafin a taro na gaba. 'Yan'uwanmu masu motocin haya da ke bin hanyar Yamai da Damagaram, muna roƙon ku ku riƙa kai wa yaran nan saƙon gero da ƙuli-ƙuli ba tare da kun karɓi kuɗin kaya ba.

Wanda ya gama karanta wannan takarda kada ya naɗe ƙosai da ita. Ya miƙa wa na kusa da shi.